Sa hannun koci a fom ɗin 'yan wasa

Wanda zai karɓi usur a sakandaren karkara, a Kano ko Jigawa, yakan zaci aikin duk a fili yake. Rabinsa a ofishin firinsifal ake yin sa, kuma a can mutuncin koci yake zubewa.

Yadda abin ke zuwa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Saura kwana uku a fara gasar makarantu ta shiyya, sai a aiko masinja ya kira ka. Za ka tarar da samari biyu a tsaye, ƙwaurinsu duk tabon takalmin ƙwallo, ba ka taɓa ganin fuskarsu a layin safe ba. Sai shugaba ya ce, "Malam, ga yaranmu nan, a sa su a fom." In ka ce, "Ranka ya daɗe, ba sa cikin rajista," amsar da za ka ji ita ce kowa haka yake yi, ai kofi ake nema. Sojojin haya ke nan. Galibi tsofaffin ɗalibai ne da suka rubuta WAEC shekara biyu baya, ko 'yan kulob ɗin garin da ke kusa. Za a ɗauki sunan wani yaron aji biyar da bai taɓa dukan ƙwallo ba, a liƙa hotonsu a gurbinsa.

Abin da sabon koci ba ya lura da shi, fom ɗin nan sa hannunsa ne a ƙasa. Kuma asiri yakan tonu, don a ƙauye ba a ɓoye mutum. Cikin 'yan kallo akwai wanda yake hawa babur ɗin yaron duk ranar kasuwa. Makarantar da kuka ci za ta shigar da ƙorafi, kwamiti ya ce a kawo rajistar aji da littafin ɗaukar ɗalibai, a tambayi yaron sunan malamin ajinsa, ya tsaya yana kallon ƙasa. A ƙwace maki, a kori ƙungiya gaba ɗaya, yaran da suka yi wata uku suna zagaya fili da sassafe su koma gida hannu rabbana. Takardar tuhuma da sunanka za ta fito, wani lokaci har da canjin wurin aiki zuwa makarantar da babu ko turken raga. Shi kuwa mai umarnin yana nan daram a kujerarsa, ya ce fom aka kawo masa ya buga hatimi. Ran Litinin ma shi zai yi wa ɗalibai wa'azi kan riƙon amana.

Garkuwarka takarda ce, kuma tun makon farko na zangon farko ake haɗa ta. Kowane ɗan wasa a buɗe masa shafi: hoto biyu, lambar da aka ɗauke shi da ita, ajinsa, da ranar haihuwarsa daidai yadda take a littafin makaranta. Hatimi a buga shi rabi a kan hoto rabi a kan takarda, yadda in an ɓamɓare hoton za a gane. Malamin aji ya sa hannu kafin kai. A yi kwafi uku, ɗaya a ofis, ɗaya a ofishin shiyya, ɗaya a akwatinka na gida. Ranar da aka kira ka sai ka rusuna ka ce, "Ranka ya daɗe, ai sunaye sun riga sun tafi." In ya matsa, ka roƙe shi ya ba ka umarnin a rubuce. Ba zai rubuta ba. Zai dai daina amsa gaisuwarka da kyau, kuɗin motar tafiya wasa kuma ya riƙa makalewa.

Rage shekaru ma cutar yaron ne. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a Kano, FIFA take ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI don gane wanda ya wuce shekaru. Shekara biyun da ka zaftare masa yau, a sansanin gwaji za su tsayar da shi, lokacin da ba ka kusa.

Sauran darussan ba su da zafi haka. Fili: faɗin raga mita 7.32, tsayinta 2.44, wurin bugun fenareti mita 11, da'irar tsakiya 9.15 daga tsakiyarta. Auna da igiya, ka ja layi da toka. Tsidau shi ke kashe ƙwallo da tafin ƙafar yara, a share shi kafin ya bushe. Kada a cika wa ƙwallo iska ta zama dutse, a ƙasar hunturu ɗinkinta ne zai fara buɗewa. Atisaye bayan la'asar, a tashi kafin kiran magariba, in ba haka ba iyaye za su janye 'ya'yansu ba tare da sun gaya maka dalili ba. Da bazara a tsaya shan ruwa duk minti ashirin. Da damina a makarantar jeka-ka-dawo rabin ƙungiyarka tana gona, kada ka hukunta kowa. Da azumi a rage gudu, a koma kan ba da ƙwallo da tsayuwar 'yan baya.

A kwalejin ilimi bulala ba ta aiki, manya ne, wasu da iyali. Matsalar can jadawalin lacca ne da koyarwar gwaji, wadda takan kwashe 'yan ajin ƙarshe na tsawon watanni. Wanda ya gina ƙungiyar da za ta buga NICEGA, gasar wasannin kwalejojin ilimi ta ƙasa, a kansu zai tashi babu gola babu kyaftin, don haka a riƙa jawo 'yan ajin farko tun da wuri.

Takardar shaidar koci, ta Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas ko lasisin CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, ka neme ta da kuɗinka da lokacin hutunka. In ka jira makaranta ta tura ka, za ka yi ritaya sunanka yana kan teburin shugaba.