Godiya ga Waɗanda Suka Kai Mana Labari Inda Ƙafarmu Ba Ta Kai Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, an yi wasan daɓen da ƙungiyarmu ta shirya a Kano ranar Asabar kan matsalar ruwan sha, an tashi lafiya. An kwance labule, an mayar wa makarantar Islamiyya bencinanta, mai janareta ya zo ya ɗauki kayansa. Sai yau Laraba muka samu sukunin zama mu rubuta wannan, domin har jiya akwai 'yan wasan da muryarsu ba ta dawo ba. Duk mai bibiyarmu ya san abin da ya faru da zauren farko ana saura kwana huɗu, har dole ta sa muka canza wurin wasan, ba sai mun sake tono shi ba. Mun yafe, Allah ya yafe mana gaba ɗaya.

Da yawa cikin waɗanda za mu ambata sun ce kada a kira sunansu, wai kada lada ya ragu. Za mu kira su da sunan da unguwa ta san su da shi, su yi mana haƙuri.

Baba Maigadi na tsohon zauren shi ne na farko. Ba shi da hannu a abin da aka yi mana, ba kuma wanda ya roƙe shi komai. Tsoron da ya hana mu barci na fosta ne. An manna ta da sunan wancan zaure tun saura mako biyu, kuma wanda ya karanta fosta sau ɗaya ba ya komawa kanta, ya riga ya ajiye wurin a ransa. Mun san ko me muka yi akwai waɗanda can za su nufa, su tarar da masu anko a ƙofa, su juya gida suna cewa 'yan dirama ba su da alkawari. Mun ware yara biyu su tsaya a can, hidimar jera kujeru ta cinye su, ba wanda ya tuna. Ƙarfe huɗu da rabi ta yi zaure bai kai rabi ba. Mai ba da umarni ya leƙa ta gefen labule, ya dawo ya zauna a kan jarka bai ce uffan ba. Can sai ga adaidaita sahu uku a jere, bayansu wasu biyu, kowa ya sauko sai ya ce wani dattijo ne ya turo su. Ashe Baba kwalin taliya ya samo, ya sa wani ɗan makaranta ya rubuta masa sabon wurin da gawayi, boko a sama ajami a ƙasa, ya fito da kujerarsa bakin titi ya zauna da kwalin a cinya tun bayan Azahar. Wanda ya zo ya tare shi, ya hana shi sallamar mai adaidaita, ya yi wa direban kwatance. Washegari muka aika masa da na goro, ɗan aiken ya dawo da shi. Abin da kawai ya tambaya shi ne ko mutanen sun samu wurin zama. Baba, Allah ya tsare mutuncinka kamar yadda ka tsare namu, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya raya maka zuri'a, ya ba ka mai tsaya maka a ranar da kowa ke ta kansa.

'Yan'uwa masu wasan daɓe, ku riƙe wannan. Idan wuri ya canza, a ajiye mutum a tsohon wurin daga awa biyu kafin lokaci har minti arba'in bayan an fara, da allo a hannu da waya mai caji, kuma ya zama ba shi da wani aiki a ranar sai wannan.

Sai Oga Firinta. Mun je masa da niyyar sake buga fosta 200 ɗin da muka manna, ya ce kuɗinku da lokacinku duk ba za su kai ba, tunda mai launi ce. Ya buga mana sitika siririya mai faɗin fostar, baƙin rubutu a kan ruwan ɗorawa, ba komai a kanta sai AN CANZA WURI da sunan sabon zauren. Takwas ke fita a takardar A3 guda, takarda 25 ta biya buƙata, a dare ɗaya ya gama, bai karɓi ko sisi ba. Shi ya hana mu yin sitikar da launin fostar, ya ce idan ta saje ido ba zai san an taɓa komai ba. Abin da ya cece mu a nan littafi ne: duk inda aka manna fosta tun farko an rubuta layin da shagon. Da shi muka rabu gida uku, dare biyu aka zagaye. Wajen kashi ɗaya cikin uku mun tarar babu su. Na jikin katanga ne suka tafi, iskar hunturu ta busar da sitatin sun ɓanɓare, wasu kuma an manna musu wata a kai. Waɗanda ke cikin shagon aski, wurin tela, kemis da teburin mai shayi kuwa suna nan garau, don mai wurin yana gadinsu. Laifinmu a fostar ma sai mu faɗa: fuskoki sun yi yawa, ranar ta yi ƙanƙanta. A tsaya taku goma daga jikinta, idan ba a iya karanta sunan wasa, rana, wuri da kuɗin shiga ba, a koma maɗaba'a. A kuma rubuta sunan ranar, kada a tsaya a lamba, a ɗaure lokacin da salla. "Asabar bayan La'asar" ta fi zama a kai.

Gidan rediyo. Tun da Freedom ta buɗe a 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yi ta ƙaruwa a Kano, kuma har gobe rediyo ce ke shiga kicin da shago da cikin adaidaita. Sai dai tasha ƙofa uku gare ta: sashen kasuwanci, sashen shirye-shirye, da ɗakin labarai. Wanda ya shiga ta farko takardar farashi za a miƙa masa, kuma ba laifinsu ba ne, aikinsu ke nan. Ƙaramar ƙungiya ta sayi ɗan abin da za ta iya a nan, sauran ƙarfinta ta kai wa mai gabatar da shirin da batun wasan ya shafa. Mu Anti mai shirin yamma muka samu. Ta ba mu minti ashirin a shirinta, ta ce kada mu turo shugaba ya yi ta jawabi, mu turo 'yan wasa biyu su yi minti uku daga cikin wasan kai tsaye. Wayoyin da suka shigo bayan wannan gutsure sun fi na tallar da muka biya. Da wuri ya canza, kwana uku a jere tana faɗar gyaran a farkon shiri da ƙarshensa ba tare da mun ce mata ba. Anti, Allah ya ƙara wa muryar nan albarka, ya jiƙan magabata.

Injiniyan ɗakin ɗaukar murya shi ma ya yi mana abin da sai daga baya muka san darajarsa. Tallarmu daƙiƙa 45 ce, kuma tun ranar ɗauka ya dage sai an faɗi rana da wuri a jimla guda mai zaman kanta a ƙarshe, ba kiɗa a ƙarƙashinta. Shi ya sa gyaran bai ɗauki minti goma ba, ya yanke jimlar ya dasa sabuwa. Da akwai kiɗa a ƙasa da sai an sake haɗa komai. Duk da haka sau biyu tsohuwar talla ta fita a wata tasha, saboda sabon fayil da tsohon suna ɗaya suka ci a kwamfuta, mai aikin dare ya ɗauki wanda ya fara gani. Mu ne ba mu canza sunan ba. A sa wa sabon fayil suna daban, a roƙi a goge tsohon a gabanka, a karɓi jadawalin lokutan a rubuce, a kuma sa wani a gida ya saurara ya yi alama.

Jarida ta fi wuya, kuma ba yau aka fara ba. Shafin nishaɗi na 'yan fim ne, duk da cewa daga daɓe fim ɗin ya fito: ƙungiyar Tumbin Giwa da ta buɗe wannan hanya a 1990 ai ƙungiyar wasan kwaikwayo ce. Edita ba ya ganin labari a cikin "za mu yi wasa", kowa ma yana yin wani abu ranar Asabar. Wata 'yar jarida da ke bin matsalar ruwan sha ce ta buɗe mana ido. Ta karanta takardar sanarwarmu mai shafi uku, ta ja layi a kan tarihin ƙungiya da sunayen iyayen ƙungiya, ta ce labarinku yana sakin layi na shida, inda kuka ce kun zauna da 'yan ga-ruwa kafin ku rubuta wasan. Ta sa muka mayar da ita shafi ɗaya. Jimlar farko ta ɗauki me, wa, ina, yaushe da nawa, sai batun ruwan, sai maganar mai ba da umarni layi biyu, sai lambar waya ɗaya ta mutumin da ke ɗauka. Ta Hausa daban ta Turanci daban, kowace a rubuta ta da kanta. Jaridar mako-mako irin Aminiya da ke fita ranar Juma'a tana rufe shafukan ciki tun farkon mako, don haka a aika saura kwana goma, a kira sau ɗaya bayan kwana biyu, kada a dame su. Mun gayyaci 'yan jarida goma sha biyu, huɗu suka zo, uku suka rubuta, kuma ga wasan daɓe wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganar kuɗin mota kuwa, mun faɗa wa kowa tun a waya cewa ba mu da shi, akwai kujera da ruwa da damar hira da 'yan wasa bayan an tashi. Waɗanda suka zo a kan haka, Allah ya saka muku, ya tsare muku alƙalaminku.

Mai hotonmu ɗalibi ne, ya zo ranar gwajin ƙarshe ya sa aka ƙara fitila aka tsayar da wasa wuri shida ya ɗauka, domin hoton ranar wasa duhu da keyar 'yan kallo ke cinye shi. Jarida na son hoto a kwance, mutum biyu ko uku, fuska a fili, da sunaye daga hagu zuwa dama da sunan mai ɗauka. A tura shi a WhatsApp a matsayin fayil, idan aka tura shi haka kawai matse shi ake yi ya dushe a bugu. Muna gode masa tare da abokansa na sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero da suka cika layi biyu, uku daga cikinsu har suka rubuta sharhi, ɗaya ma ya caccaki fitowa ta biyu. Ya yi gaskiya, ta yi tsawo.

'Yan ga-ruwan unguwa sun ba mu aron kura, sun kuma yarda aka ɗaura fosta a jikin kurarsu kwana biyar, ta shiga lungunan da ko babur ba ya shiga. Mai Unguwa ya ba da izini ya kuma haɗa mu da mai shela. Hajiya Mai Ƙosai ta bakin masallaci ta raba 'yan takardun hannu tare da ƙosai, ta ce mu daina miƙa wa mutane a titi suna yarwa. Allah ya yi wa sana'o'inku albarka, ya kawo ruwa famfo ba tare da ya yanke muku abinci ba.

Mun sa yarinya a ƙofa tana tambayar kowa inda ya ji labari tana jan layi a takarda. Rediyo ce a gaba, sai "wani ne ya faɗa mini", sai saƙon murya na WhatsApp, wanda ya fi rubutu tafiya don har wanda bai yi boko ba yana turawa. Kuɗin da muka zuba a tallar Facebook kuwa asara ce, ba mu taƙaita ta ga Kano ba, sai yabo muke ta samu daga Legas da Yamai.

Layin gaba na dama mun ware shi ne ga dangi, da suna a manne a kowace kujera, an kuma kai kati har gida. A hoton da jarida ta buga ana ganin takardun sarai. Ba komai, mun san Asabar ranar biki ce, kuma dirama ai wasa ce. Ƙannenmu mata da suka bar nasu bikin suka zo suka riƙe ƙofa da tikiti, mun gani, Allah ya ba ku masu yi muku. Iyayenmu mata da suka yi ta addu'a daga gida, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ya Allah, duk wanda ya taka, ya kira, ya tura, ya manna, ko ya faɗa wa maƙwabcinsa, ka buɗa masa ta inda bai zata ba, ka rufa masa asiri duniya da lahira, ka jiƙan iyayensa. Amin summa amin.

An tsinci mayafi ruwan toka, da makullin babur, da takalmin yaro ƙafa ɗaya, suna wurin Hajiya Mai Ƙosai. Wanda kuma ya naɗi hirar Anti a wayarsa, don Allah ya turo mana, mu a ranar muna can muna hidima.