An haska fim ɗin kikbol, ga godiyata

Alhamdulillahi. Jama'a an yi an gama, daren Asabar aka haska dokumentarin nan namu a kan manyan da ke buga wasan ƙwallon kikbol a Washington kuma har yanzu jikina bai dawo daidai ba, wayata cike take da saƙonni ban amsa ko rabi ba, don Allah ku min uzuri. Waɗanda suka biyo mu tun farko kun san yadda kuɗi ya yanke mana a tsakiyar aiki, kun san abin da ya faru da na'urar da muka ajiye hotuna a kai, ba sai na sake tono su ba wallahi ko tunawa ba na so.

Abu ɗaya ne ya ƙi barin raina. Yammacin nan na watan Yuli a filin National Mall, zafin Washington mai gumin nan da ke hana mutum numfashi, Kyaftin ɗin ƙungiyar ya mirgino jar ƙwallon robar kenan kamar yadda ya saba sai kawai muka ga ya durƙusa ya faɗi ta gefe. Dattijo ne, tsohon direban bas, shi ne ke riga kowa zuwa fili ya jera wuraren tsayawa. Kyamara na hannuna amma hannun ya ƙi tsayawa, na ajiye ta a kan ciyawa na ruga ashe ba ta daina ɗauka ba, ba abin da ta kama sai takalman mutane da muryar nas ɗin da ke tsaron wurin tsayawa na farko tana danna masa ƙirji tana ƙirge da ƙarfi, wani yana ta ihu a waya da 911, lambar neman agajin gaggawa. Ni dai Innalillahi kawai nake maimaitawa. Har motar asibiti ta zo baiwar Allahn nan ba ta ɗaga hannunta ba. Ta ce kar in ambace ta, to ban faɗi suna ba amma duk wanda ke lig ɗin ya san wa nake nufi, Allah ya saka mata da mafificin alheri, ya tsare mata 'ya'yanta.

Na yi niyyar cire wurin daga fim ɗin gaba ɗaya don ina ganin sirrinsu ne. Matar Kyaftin ce ta tsayar da ni a barandar asibiti, idonta duk ya kumbura, ta ce kar ka cire komai, bar mutane su ji yadda aka riƙe min miji. Ranar Asabar yana layin gaba da sandarsa. Da aka zo wurin sai zauren ya yi tsit, ni kuma na fita waje don ban iya kallo ba.

Masu ce min ina ɓata lokaci a kan wasan yara, e gaskiya ne a Amurka wasan 'yan firamare ne, a mirgino maka ƙwallo ka buga da ƙafa ka zagaya kamar besbol. Amma tun 1998 da wasu abokai suka kafa WAKA, ƙungiyar kikbol ta manya, a nan Washington manya suke bugawa bayan sun tashi daga aiki, kuma na ga waɗanda ba su da kowa a garin nan sai 'yan ƙungiyarsu. Su ɗin nan da suka saba wucewa mashaya bayan wasa, da azumi ya zo sai suka riƙa tsayawa a fili har rana ta faɗi, da dabino da ruwa, ba wanda na roƙa.

Godiya ga uwargida, wadda ta haƙura falonta ya koma ɗakin editin, wayoyi ko'ina. Ga maƙwabcina ɗan Damagaram da ke kwasar kayanmu a motarsa ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, na san zai ji haushi na faɗa amma sai na faɗa. Ga ƙanina da ya zauna ya rubuta fassarar Hausa a ƙasan fim ɗin don Inna ta samu mai karanta mata. Da ku na Kano da Zariya da kuka turo naira duk da halin da ake ciki, wallahi naku ya fi taɓa ni. Allah ya buɗa muku ƙofofin arziki, ya biya muku buƙatunku na duniya da lahira, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba Kyaftin cikakkiyar lafiya, ya sa kada ku taɓa neman taimako ku rasa, amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Akwai 'yan uwa na jini a Baltimore, tafiyar da ba ta wuce awa guda ba, na ajiye musu kujeru har aka kashe fitila ban ga kowa ba, ko saƙo. Ba komai, Allah ya bar zumunci.

Masu tambayar YouTube ku ɗan ƙara haƙuri, mun tura shi bukukuwan fina-finai kuma sai sun ba da amsa kafin mu sake shi. Da zarar an samu rana a nan zan sanar.