Yadda Kalma Ɗaya Ta Cinye Mini Adashen Wata Goma

Wata bakwai ke nan da faruwar abin, amma har yanzu duk lokacin da na sunkuya zan jawo takalmi a ƙarƙashin gado, idona ya faɗa kan kwalaye huɗun da ke jibge a can, sai raina ya sosu. Littafina na farko ne a cikinsu. Kwafi 500 aka buga mini, waɗanda suka fita daga hannuna ba su kai 90 ba, kuma ni da kaina na dakatar da sauran.

Na shiga ƙungiyar marubutan da nake ciki a nan Kano shekara biyu da suka wuce, bayan na daɗe ina sakin labarai kashi-kashi a zaurukan WhatsApp. Tsarinta bai bambanta da na sauran ƙungiyoyi irinta ba. Muna haɗuwa ranar Lahadin ƙarshen wata bayan la'asar a wani aji da aka ara mana, mutum biyu ko uku su karanta abin da suka rubuta a yi musu sharhi. Akwai zama na musamman da ake yi wa mata idan lokacin gasar Hikayata ta BBC Hausa ya gabato, wadda aka fara a 2016, inda ake koya musu yadda za su matse labari a cikin 'yan kalmomin da aka ƙayyade. Akwai ziyarar makarantun sakandare. Sannan akwai bita ta kwana uku da ake shiryawa sau ɗaya a shekara, wadda ita ce ta jawo wannan rubutu.

Bitar ta fara ranar Juma'a da yamma da yadda ake gina labari da taurarinsa, ta ƙare ranar Lahadi da harkar ɗab'i: yadda ake neman lambar shaidar littafi, wato ISBN, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, yadda ake ciniki da maɗaba'a, da yadda ake bai wa 'yan kasuwa littafi a jira kuɗi. Duk waɗannan na halarta, na cika littafin rubutu guda da bayanai. Zama ɗaya kaɗai na tsallake, na Asabar da safe, wanda aka rubuta a jadawali da sunan Ƙa'idojin Rubutun Hausa.

Ba zan ɓoye dalilina ba, raini ne. Da na ga sunan zaman sai na ce a raina, ni da aka haifa a cikin ganuwa, na yi wayo da Hausa a bakina, na kuma tara masu karatu da suke jiran kashi na gaba kowane dare, wane ne zai zaunar da ni ya koya mini inda ake sa lanƙwasa a kan harafi? Na ɗauka an shirya zaman ne domin 'yan sakandaren da aka gayyato. Sai na tafi ɗaurin auren wani da ko gaisuwar kirki ba ma yi, na dawo bayan azahar na tarar ana tattara kujeru, aka miƙo mini takardu shida da malamin ya raba, na ninke su na cusa a aljihun jaka. Ban buɗe su ba sai bayan da ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, zaman da ya biyo baya a yammacin wannan Asabar ɗin na saurare shi da kunnen basira, kuma shi ne ya ƙara wa ɓarnar girma. A kan ƙarshen labari aka yi shi. Wadda ta jagoranta ta ce babban ciwon marubutanmu shi ne rashin yarda da mai karatu, sai mutum ya warware ƙulli sannan ya ƙara shafi uku yana bayanin yadda ya warware shi, ya rufe da wa'azi. Ta ce idan ka kai inda gaskiya ta bayyana, ka ajiye alƙalami. Maganar ta shige ni ƙwarai, domin littafin da nake rubutawa haka yake. Labarin wani mutum ne, Ilu, da wansa ya rasu ya bar masa amanar kuɗin filin da aka sayar domin matarsa da marayu, dangi suka shekara suna zarginsa da cinye dukiyar, shi kuwa bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba. A daren nan na koma gida na yanke shafi uku na ƙarshe, inda matar take bayyana wa dangi komai, na bar littafin ya tsaya a kan jimla ɗaya tak. Abin da nake nufi shi ne: ashe tun ranar sadakar bakwai Ilu ya ba ta kuɗin. Na kwanta ina jin na zama marubuci.

Da na ɗauki adashen wata goma sai na wuce maɗaba'a kai tsaye, ban nuna wa kowa rubutun ba, alhali ƙungiyar tana da mutum uku da suke duba rubutun mambobi kyauta kafin a kai ɗab'i. Na san da su. Gani nake idan na ba su za su riƙe mini aiki wata biyu, ni kuma ina so littafin ya fito kafin babbar salla. Ranar da aka kira ni in duba samfurin farko, na tsaya a kan bango kusan rabin awa ina ja-in-ja a kan launi da girman sunana, cikin littafin kuwa na bi shi da babban yatsa kamar mai ƙirga kuɗi. Mai maɗaba'ar ya tambaye ni har sau biyu ko na karanta, na ce na karanta, na sa hannu. Ba ni da abin da zan ɗora masa.

Al'adar zamanmu ita ce, wanda ake sharhin aikinsa ba ya magana sai kowa ya gama. Na raba kwafi goma sha biyu mako guda kafin zaman, na zo na zauna a gaba da sabuwar hula. Wata Hajiya da ta daɗe tana rubutu ita ce ta fara. Ta yaba zubin labarin, sannan ta ce abin da ya fi burge ta shi ne ƙarfin halin da na yi na ja mai karatu shafi 112 yana tausaya wa Ilu, sai a layin ƙarshe na nuna masa ashe maci amana ne, tun ba a share makoki ba ya salwantar da dukiyar marayu. Ta ce ta rufe littafin tana tsine masa. Na ga kawuna uku ko huɗu suna gyaɗawa. Wani matashi daga baya ya ce a'a, shi a fahimtarsa mutumin ya miƙa wa matar kuɗin ne. Nan gardama ta kaure, ni kuma doka ta hana ni buɗe baki, gumi yana bin bayana.

Dattijon da ya koyar a zaman da na tsallake, tsohon malamin Hausa ne da ya yi ritaya, yana zaune a gefe bai ce komai ba. Sai ya miƙa hannu aka ba shi kwafi, ya gyara tabarau, ya buɗe shafin ƙarshe ya daɗe yana kallo. Abin da ke rubuce a wurin shi ne "ya bata kudin".

Ya ɗago ya ce, "Ɗana, ya ba ta kake nufi, ko ya ɓata?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ya ba ta."

Ya ce, "To, ba ka rubuta ko ɗaya daga cikinsu ba." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Ranar Asabar da safe ina ka shiga?"

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Malam ya ci gaba da bayani cikin natsuwa, bayanin da har gobe ba zan manta ba. Ya ce laifin ba na Hajiya ba ne. Tun daga shafin farko ban sa lanƙwasa ko ɗaya ba, na rubuta kasa ina nufin ƙasa, daki ina nufin ɗaki, baki ina nufin baƙi, saboda haka ni da kaina na horar da mai karatu ya riƙa sa wa haruffana lanƙwasar da na ƙi sa musu. Da ya iso layin ƙarshe ya ga "bata" a haɗe, sai ya yi abin da ya saba yi shafi ɗari da wani abu, ya karanta ɓata. Da na raba kalmar, ko da babu lanƙwasa a ko'ina, da ma'anar ta tsira. Da kuma na bar shafuka ukun da na yanke, da su ma sun cece ni. Daga nan ya koma baya ya buɗe wani shafi inda Ilu yake nuna matar wansa ga alƙali, na rubuta "itace matar marigayin". Ya ce, "Wannan kuma ka aurar wa mamaci makamashi." A nan ne aka yi dariyar.

Da daddare na lalubo takardun nan shida a aljihun jaka. Misali na biyu a shafin farko shi ne bambancin ba ta da ɓata. Na uku shi ne ita ce da itace. Sai a kan da akan, su ma da suma, ku ma da kuma, da ma da dama. Duk ramukan da na faɗa an zana su a takardar da na yi wata biyar ina yawo da ita a kafaɗa. A ciki ne na fara sanin cewa wannan abu da na raina an fi shekara ɗari ana fama da shi: tun ƙa'idojin da Hans Vischer, wanda Kanawa suke kira Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, zuwa aikin da Rupert East ya yi a Zariya a shekarun 1930 lokacin da haruffa masu lanƙwasa suka samu gindin zama, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 inda aka yi ƙoƙarin daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Masana sun yi ta tafiye-tafiye suna muhawara a kan inda za a raba kalma, ni kuma na ga zaman awa uku ya fi ƙarfin lokacina.

Ƙa'idojin da suka fi kayar da ni ba su da yawa, kuma da na zauna a wannan safiya da na riƙe su. Ana haɗe yana, tana, suna, haka ma yake, take, suke. Ana haɗe zan da zai, amma za ta, za mu, za su a rabe suke. Mallaka gajera tana manne da suna, kamar littafinsa da gidanmu, amma wakilin sunan da aikatau ya faɗa wa a ware yake, shi ya sa ake rubuta ya ba ta, na gan shi, an kira su. Wannan ta ƙarshe ita ce ta ci adashena. Lanƙwasa kuwa ba ni da uzuri a kanta ko kaɗan, domin wayar da na rubuta littafin da ita tana da allon rubutu na Hausa, kuma minti biyu ya ɗauki wata yarinya 'yar aji biyar ta saita mini shi bayan an tashi daga zaman.

Na fahimci kuma abin da ya ruɗe ni tun farko. A WhatsApp idan jimla ta rikice, kafin minti biyar wani ya tambaya, in amsa, a wuce, shi ya sa na shekara huɗu ina rubutu a karkace ban taɓa jin zafinsa ba. Littafi ba ya tafiya da marubucinsa. Wanda ya saya a Sabon Gari ya tafi da shi Gusau ko Maraɗi, abin da ke kan takarda kaɗai yake da shi.

Akwai abin da har yanzu yake ɗan cizona game da 'yan uwana na ƙungiya, kuma na faɗa musu a gabansu. Mutum goma sha biyu sun riƙe littafin mako guda, aƙalla rabinsu sun ga yadda rubutun yake tun shafin farko, amma ba wanda ya ɗaga waya ya ce mini in dakata da rabawa, har na kai wa masu shaguna biyu. An ce mini doka ce a bar sharhi sai ranar zama. Na ji, amma dokar da za ta bari mutum ya ci gaba da zuba ruwa a rariya tana bukatar gyara. Na kuma ce zaman da ya fi kowane muhimmanci bai kamata a ajiye shi Asabar da safe ba, lokacin da rabin Kano take wurin ɗaurin aure, kuma a laƙaba masa suna mai sa barci. Shugaba ya amsa cewa sunan bai hana mutum talatin zuwa ba. Ban sami abin cewa ba.

Wanda duk ya tambaye ni yanzu game da bitar, abin da nake gaya masa shi ne ya duba jadawali ya nemo zaman da yake jin ya fi ƙarfinsa, ya riga kowa zuwa wannan. Kada ya kai komai maɗaba'a sai wani da ba ya jin nauyinsa ya bi shi da jan biro, kuma idan aka ba shi samfuri ya tafi da shi gida ya karanta da ƙarfi, daga shafin ƙarshe ya yo baya. Mutum biyu daga cikin masu dubawar nan uku sun karɓi littafina daga baya, suka riƙe shi mako shida, suka dawo mini da shi babu shafin da ba ja a jikinsa. Yana nan a kwamfuta a gyare, yana jiran wani adashen.

Na tambayi mai maɗaba'a ko za a iya sauya shafin ƙarshe kaɗai, ya ce sai an farke ɗinki an sake bango, kuma kuɗin ya kusa rabin na sabon bugu, ga sauran kurakuran suna nan daram. Matata ce ta kawo shawarar mu gyara da hannu. Mun yi dare uku ni da ita da ƙanena muna buɗe shafi na 112 muna ja ɗan siririn layi tsakanin ba da ta, har muka gama kwali ɗaya. A dare na huɗu ta ɗauki wani kwafi ta buɗe tsakiya, ta karanta layi biyu, ta dube ni ta ce, "Malam, wannan itacen fa, shi ma za mu bi shi?" Na karɓi biron daga hannunta na mayar da kwalin ƙarƙashin gado.