Gyaran gangar Auzinawa

Buga takardu ne aikina, a wani shagon kwamfuta da ke Tudun Wada a Gusau. Furojet ɗin ɗalibai, katin biki, takardar neman aiki, duk ta hannuna suke bi. Hausa na karanta a kwalejin ilimi, kuma na fito da ƙa'idojin rubutu a ka kamar karatun sallah: inda ake raba kalma, inda ake haɗe ta, inda ƙugiya take zama. Shi ya sa da marubutan intanet suka fara turo mini labaransu in duba kafin su saki, na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ga ɗan kuɗin data, ga karatu kyauta.

Galibinsu mata ne, da babban yatsa suke taifin a waya, su riƙa sakin labarin feji-feji a zaurukan WhatsApp, wasu su ɗora a Wattpad, dandalin sakin labarai a intanet. Aikin ba wuya. In ga "zanje" in raba shi, in ga "qauna" in mayar da ita "ƙauna", in ga "d'an" in sa masa ƙugiyarsa. In an jera alamar motsin rai guda bakwai in bar ɗaya. Har alfahari nake yi cewa labari in ya bi ta hannuna fes yake fita.

A farkon 2022 wata yarinya, ƙanwar ƙawata, ta kawo nata. Irin labarin nan ne da mai son wani fim yake ɗauko taurarinsa ya ci gaba da su daga inda masu fim suka tsaya. Wani shiri mai dogon zango ne ya ƙare ba a aurar da mutum biyun da take so ba, abin ya tsaya mata a rai, sai ta ɗauko su ta dawo da su Zamfara. Ta kai budurwar wani ƙauye, ta bar saurayin a Kaduna, ta sa labarin a watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga.

Feji na goma sha huɗu ta turo mini da dare. Da na buɗe sai da na yi tsaki. Babu sakin layi ko ɗaya na kirki. Saƙonni ne gajeru a jere, kowanne da lokacinsa a gefe da 'yar alamar tik ɗaya. "Kin tashi lafiya?" 6:12. "Na kira bai shiga ba." 9:40. Daga nan sai fili fari, layi wajen ashirin babu komai, sai ka yi ta jan allo da yatsa kafin ka tarar da saƙo na gaba. Can ƙasa akwai wani layi da aka ja wa zare a tsakiya, an soke shi amma ana iya karantawa: "In wani abu ya same ki ban san yadda zan yi ba." Ƙarƙashinsa kuma, ba a soke ba: "Ya gida?"

Na zauna na yi aikin da na iya. Na share filin. Na cire lokutan da alamomin. Layin da aka soke na ɗauka ta manta ne ba ta goge ba, na goge mata. Sauran na haɗa su sakin layi biyu masu kyau, har na ƙara da cewa ya yi ta aika mata saƙo cikin damuwa amma babu amsa. Na tura, na kwanta da murna.

Washegari ko shagon ban gama sharewa ba sai ga ta.

"Anti, mi kiy yi ma labarina?"

Na ce gyara na yi, ko ba shi ta kawo a yi ba?

"Layin ga da kig goge, don shi nir rubuta fejin duka."

Ta buɗe jaka ta ciro littafin rubutu mai fallaye arba'in, irin na 'yan makaranta, bangonsa duk ya yi laushi. A ciki ta rubuta labarin da biro a makonnin da babu sabis. Ta nuna mini shafin. Layin yana nan, ta ja masa zare da rula, a miƙe, ba irin kartar da mutum yake yi in ya yi kuskure ba. Filin ma yana nan, rabin shafi ta bari, ita da takarda take yi mata tsada. A gefe ta zana 'yan tik ɗin da hannu, ɗaya-ɗaya.

Sai a lokacin na karanta abin da idon mai karatu. Duk mai WhatsApp ya san tik ɗaya na nufin saƙo ya bar wayarka amma bai isa wayar mutumin ba, biyu ya isa, in sun yi shuɗi an karanta. Mu da muke ciki a lokacin ko tik ɗin ba ma gani, ɗan agogo ne yake tsaya mana. 'Yan uwanmu na waje su ne suka kwana suka tashi da tik ɗaya, kuma ko da sabis ya dawo Gusau, ƙauyuka sun daɗe a rufe. Yayar marubuciyar tana aure a Kaduna, ita ta nuna mata saƙonnin da ta yi ta aikowa, jere reras, ko ɗaya bai shigo ba. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya bukatar a ce masa "cikin damuwa". Filin kuwa jira ne. Ta so yatsan mai karatu ya yi ta ja yana neman amsa kamar yadda saurayin yake yi. Shi kuma layin da aka soke, ai halinmu ne kaf a ciki: namiji ya rubuta abin da ke ransa, kunya ta kama shi, ya goge ya ce "ya gida". Ni na bar mata "ya gida" na zubar da mutumin.

Na ba ta haƙuri, muka mayar da komai yadda yake.

Abin da ya fi ba ni kunya daga baya shi ne, ni ce ya kamata in riga kowa ganewa. Kakana yana da gafaka cike da takardu rubutun hannu, ina yarinya nakan zauna kusa da shi in yana jujjuya su. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja. Matani da manyan haruffa a tsakiya an bar masa sarari, sharhi da ƙanana a gefe, wani a karkace, wani sai ka juya takardar kafin ka karanta. Tun kafin ka san me aka ce, ido ya riga ya gaya maka wace ce maganar mawallafi, wace ce ta ɗalibin da ya zo baya. Malaman waƙa kuma sukan ɓoye shekarar da suka gama a cikin ramzi, haruffa su tsaya a madadin lamba. Ke nan wasa da fuskar rubutu ba yaran WhatsApp suka fara shi a ƙasar nan ba. Makaranta ce ta koya mini kallon shafi kamar faranti kawai da ake zuba magana.

Tun 2016 WhatsApp ya ba da damar waɗannan dabaru: tauraro gaba da baya ya kaurara kalma, karan ƙasa ya kishingiɗar da ita, 'yar lanƙwasa ta soke ta. Da kayan aiki uku ko huɗu kacal matan nan suke abin mamaki. Wata tana kishingiɗar da duk maganar zuci, ba ta taɓa cewa "ta ce a ranta". Wata in aljani zai yi magana sai ta cire duk wata aya da waƙafi, maganar ta yi ta kwarara ba numfashi, tsigar jikinka ta tashi. A waje ma haka abin yake, har ya fi. A Archive of Our Own, babbar ma'ajiyar irin waɗannan labarai da aka buɗe a 2009, marubuci yana iya tsara shafinsa ya fito kamar allon waya ko tsohuwar wasiƙa.

Amma kada a ce na koma mai tafa wa kowane ado. Akwai wanda har gobe ina yaƙi da shi, wato haruffan ƙawa da ake kwafowa daga manhajoji, masu lanƙwashe-lanƙwashe kamar zanen lalle. Ba su da ɗ, ba su da ƙ, ba su da ɓ. Sai ka ga "ƙauna" an yi wa haruffa huɗu kwalliya, ƙ ta tsaya tsirara a gaba, ko a jefar da ƙugiyar gaba ɗaya. A tsohuwar waya kuma akwatuna kawai suke fitowa. Wata baiwar Allah mai lalurar gani, wadda wayarta ce take karanto mata rubutu, ta taɓa aiko wa wani zaure saƙon murya tana roƙo a daina, don in an zo wurin sai na'urar ta yi tsalle ko ta kama ambaton sunayen alamomi. Ga kuma matsalar kwafe. Labari yakan bar WhatsApp a zuba shi a Facebook ko a tara shi a dokumen, can taurarin da lanƙwasar ba sa aiki, sai su fito a fili kamar tsakuwa a shinkafa. Layin yarinyar nan da aka soke, a wani kwafin da ya dawo mana ta hannun wasu, ya fito ba zare. Saurayin ya faɗi maganar ƙiri-ƙiri ke nan, ya zama wani mutum daban.

Don haka yanzu in aka turo mini aiki, sau biyu nake karantawa kafin in taɓa komai, kuma a waya, ba a kwamfutar shago ba, don faɗin allon ba ɗaya ba ne. In na ga abin da ya saɓa wa ƙa'ida sai in tambayi mai shi ko da gangan ne. In ta ce ado ne kawai, mu yi ciniki. In ta iya gaya mini abin da zai ɓace in an cire, hannuna a baya. "Zanje" dai har yanzu raba shi nake yi, sai fa in a cikin saƙon wani tauraron labari ne, don babu saurayin da yake bin ƙa'idojin rubutu ƙarfe biyun dare. Zamfarcin tsofaffin labari ma na daina mayar da shi Kananci.

Bayan wata huɗu wata mai karanta littattafai a YouTube ta nemi izinin karanta labarin. Ni da marubuciyar muka yi ta tunanin yadda za ta yi da feji na goma sha huɗu, tunda murya ba ta da tik ba ta da zare. Ranar da aka saki, muka sa wayar a kan teburin firinta muka kasa kunne. Ta karanta saƙon farko da lokacinsa, ta ce "bai shiga ba". Na biyu ma haka. Da ta zo filin sai ta yi shiru, ta daɗe, har maigidan shagon ya ɗago kai ya ce ko data ce ta ƙare. Layin da aka soke da raɗa ta faɗe shi, da kyar muka ji. Sannan ta yi gyaran murya ta ce, "Ya gida?"