Yaron da ke bakin taga

A shekarar ƙarshe ta karatuna na aikin jarida aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai. Ni na zaɓi in gano yadda mutanen Kaduna ke karɓar wasan kwaikwayon da ba a ƙasarsu aka yi ba, ba kuma da harshensu ba. Wasan da na ɗauko shi ne When They See Us, mai kashi huɗu, wanda Ava DuVernay ta shirya, kamfanin Netflix ya fitar a 2019.

Labarin ya faru da gaske. A watan Afrilun 1989 aka yi wa wata Baturiya fyaɗe da mugun duka a filin shaƙatawa na Central Park da ke birnin New York. Aka kama yara biyar, huɗu baƙar fata, ɗaya ɗan asalin Latin Amurka, 'yan shekara 14 zuwa 16. Aka tisa su gaba da tambayoyi na awanni har huɗu daga cikinsu suka amsa a gaban kyamara abin da ba su aikata ba. Kotu ta ɗaure su a 1990. Sai a 2002 wani fursuna mai suna Matias Reyes ya ce shi kaɗai ya yi aika-aikar, gwajin ƙwayoyin halitta ya gaskata shi, aka wanke su. A 2014 birnin ya amince ya biya su diyyar dala miliyan 41.

Na samu aron aji a wata ƙaramar makaranta a Tudun Wada, ba nisa da Kasuwar Bacci. Na aro majigi, na kafa farin zanen gado a jikin allo, maza gefe guda, mata gefe guda. Dare huɗu muka yi, bayan sallar isha. Saboda ba kowa ke jin Turancin Amurka ba, nakan tsayar da wasan in fassara, sannan mu ci gaba. Na kuma buga takardar tambayoyi da nake alfahari da ita ƙwarai: kowace tambaya da akwatunanta, "na yarda sosai", "na yarda", "ban yarda ba". Babbar tambayata ita ce ko wasan ya ƙara wa mai kallo sani game da wariyar launin fata a Amurka.

Kusan kowa ya cika akwatin "na yarda sosai" ya miƙo mini. Amma da zarar an kashe majigi aka fara hira, ba wanda ke zancen Amurka.

Wani magidanci da ya yi shekaru yana sayar da albasa a Legas ya ce shi abin da ya taɓa shi bai wuce yadda ake kallon yaran a dunƙule ba, kamar ba kowannensu da sunan da uwarsa ta raɗa masa. Ya ce duk zaman da ya yi a can, "aboki" ake ce masa, kuma kalmar da muke faɗa don ƙauna a bakin wasu ta koma ma'anar wanda bai san komai ba. Wata uwa ta tashi ta fita tun a daren farko, a wurin da ake yi wa yaran tambayoyi. Na bi ta waje da ruwa a kofi. Ta ce, "'Yata, ki bar ni. An taɓa yin kame a layinmu aka haɗa da ɗana, daga sayen maganin sauro yake. Kwana uku ina yawo kafin in san inda yake." Na tsaya riƙe da kofin, takarduna a hammata, ba ni da akwatin da zan sa wannan a ciki.

Ƙawata 'yar ajinmu, Kirista ce daga Sabon Tasha, Hausa take yi tun tana goye. Don ta halarci kallon sai da ta riƙa kwana a gidanmu, mahaifiyarta na bugo waya kowane dare tana tambaya ko lafiya. Duk wanda ya girma a garin nan ya san dalili. Tun rikicin 2000 da na Nuwamban 2002 mutane suka riƙa kwashe kayansu, Kiristoci suka tsallaka kogi zuwa kudu, Musulmi suka koma arewa, har aka samu yaran da suka tashi ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Ƙawar tawa ta ce a gaban kowa, akwai lokacin da take shiga wuri ta gaisa da Hausa tsantsa, a amsa mata da fara'a, sai an ji sunanta fuska ta canza. Wata matashiya mai hijabi ta ce ita ma haka take ji in ta tsallaka gada. Suka kalli juna, ba wadda ta ƙara magana.

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya ja mana birki, kuma ina ganin yana da gaskiya. Ya ce kada mu haɗiye labarin mutane mu mai da shi namu. Baƙar fatar Amurka sun fito daga bautar da ba a haramta ba sai 1865, kuma doka ta ci gaba da raba su da farare a makaranta da mota da wurin cin abinci har aka yi dokar 'yancin jama'a ta 1964. Namu ciwon daban ne, asalinsa daban. Na rubuta maganarsa kamar yadda ya faɗe ta, na kuma gina babi guda a kanta. Sai dai ko shi, da ya gama, ya yi shiru ya ce yana tuna wani ɗalibinsa Bafulatani da yara ke tsokana da "ɗan daji", shi kuma bai taɓa tsawatarwa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa ba daga kan benci ya fito ba.

Akwai almajirin da ke yi mana aiki a gida, shekara biyu yana wanke mana kwanuka. Shi ya jera bencina, shi ya ɗauko janareta a baro, shi nake aika sayen fetur a galan. In an fara wasa sai ya tsaya a waje, ya ɗora haɓarsa a bakin tagar da gilashinta ya fashe. Dare huɗu yana nan tsaye. Ban ba shi takarda ba, ban ce ya shigo ba. Ba mugunta na yi niyya ba, kawai dai a lissafina shi ɗan aike ne, ba ɗan kallo ba.

Kashi na huɗu labarin Korey Wise ne, ɗaya daga cikin yaran biyar, wanda da farko ba ya ma cikin waɗanda ake nema. Abokinsa Yusef Salaam ya raka ofishin 'yan sanda, shi ke nan bai koma gida ba. Da yake shekararsa 16, gidan yarin manya aka kai shi, kuma shi ya fi kowa daɗewa, wajen shekara 13. Da aka watse muna naɗe waya, yaron ya matso ya ce, "Anti, shi wannan da ya yi rakiya, ai babarsa tana zuwa ganinsa ko?" Na ce tana zuwa, in ta samu kuɗin mota, don an kai shi nesa. Ya ɗan yi jim, yana murza igiyar janareta a hannu. Ya ce, "To ai da sauƙi. Ni in aka kama ni a hanya, sai dai Malam ya ga ban dawo ba. Innata ba za ta ji ba sai da damina."

Ban iya ce masa komai ba. Na yi dare huɗu ina fassara wa mutane labarin yaran da aka ƙi gani, ga wani a bayana yana tsaye kan dutse don ya hango allo. Ban san sunan mahaifinsa ba. Ban san garinsu ba.

Da na kai wa malamin da ke duba aikina sakamakon akwatunan, ya duba ya ce, "To, me suka ce da bakinsu?" Na ba shi labarin uwar nan, da mai albasa, da yaron. Ya ajiye takardun gefe ya ce in koma in zauna da su ɗaya bayan ɗaya, in bar biro a jaka sai sun gama magana. Hakan ya ƙara mini wata guda a kan aikin.

Da yaron na fara. Muka zauna a dakalin ƙofar gida da safe, bayan ya dawo daga karatun allo. Ya ce daga wani ƙauye yake a bayan Malumfashi, su bakwai ne a wurin innarsu, kuma ya haddace lambar wayar wani kawunsa mai shago a bakin kasuwa. Na ce ya karanto mini. Ya karanto a hankali, sau biyu, na adana a wayata, sannan na miƙa masa ya kira.