Gwajin jinin da ke gano garkuwar jiki in ta juya wa mai ita baya

Jama'a akwai ciwukan da ba ƙwayar cuta ke kawo su ba, garkuwar jikin mutum ce da kanta take rikicewa ta fara ƙera antibodi (sinadaran da ta saba yaƙar cuta da su) masu kai wa jikin hari, kuma a jini ake farautarsu.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne mayasteniya. Mutum zai tashi da safe garau, kafin la'asar fatar ido ta fara saukowa, yana ganin abu bibbiyu, tauna nama ma sai muƙamuƙi ya gaji, magana ta koma ta hanci. Antibodi ne suke toshe wurin da jijiya ke miƙa wa tsoka saƙo, gwajin AChR (sunan wurin da suke toshewa ke nan) yana kama su a wajen kashi 85 cikin 100 na waɗanda ciwon ya game musu jiki, in bai nuna ba sai a duba wani antibodin daban, wato na MuSK.

Sai kumburin ƙwaƙwalwa na NMDA (wurin karɓar saƙo ne a ƙwaƙwalwa da antibodi ke kai wa hari) da Dakta Josep Dalmau ya bayyana a 2007, ya fi kama 'yan mata, yarinya ta fara surutai da gane-gane da jijjiga, a wajenmu nan take a ce aljanu ne, wallahi abin yana min ciwo domin yana jin magani in an gano da wuri. Shi har ruwan ƙashin baya ake ɗiba, ya fi jini nunawa.

Amma fa gwajin antibodi na ANA da ake yi don lupus (ciwon da garkuwar jiki ke kai wa fata, gaɓoɓi da ƙoda hari) yana fitowa ko a jikin masu lafiya da yawa, dole likita ya haɗa shi da alamomin da yake gani.