Abin da na ɗauko daga shagon ɗinkin bargon haɗi

Ƙarshen watan nan na ajiye aiki a shagon da na koyi ɗinkin zanin gado da bargon haɗi, wato bargon da ake harhaɗa yankakkun ƙyallaye a ɗinka. Sauran yaran shago sun ce in rubuta musu abin da na sani kan zaɓen ƙyalle, to ga shi, wanda zai ɗauka ya ɗauka.

Hajiya mai shagon, Allah ya ƙara mata lafiya, da farashi take zaɓen yadi. In dai Getzner ce ko Holan, to a wurinta ta dace da komai. Ba a musu, kamfanin Vlisco masu yin atamfar Holan tun 1846 suke buga yadi a ƙasar Holan, sun san aikinsu. Amma bargo ba lefe ba ne da za a ɗaga turmi a faɗi kuɗinsa. Ƙyallaye ne za su zauna jikin juna shekara da shekaru, a wanke su tare, a shanya su tare.

Duk kun tuna aikin amaryar nan da aka kawo daf da Babbar Sallah. Uwarta ta ce fari da shuɗi take so. Hajiya ta fito da farar shadda, ta aika aka sayo rinin baba daga Ƙofar Mata, ta ƙara jar atamfa 'yar Sin don ado. Na ce, "Hajiya, da kin bari an jiƙa su tukuna." Ta ce wanki zai kashe ƙyallin shaddar, kuma ba ni zan koya mata sana'a ba. Na ja bakina na hau keke. Da aka gama kowa ya yaba, ita ta karɓi yabon.

Wankin farko aka dawo da shi. Shunin ya zuba ya shiga farin, jar atamfar ta yi nata ɓarnar a gefe. Da sitacin ya fita kuma atamfar ta tsuke, shaddar ba ta bi ta daidai ba, sai duk layin ɗinkin ya tattare. A gaban uwar amarya Hajiya ta juyo ta ce, "Ke, ban ce ki wanke su ba?" Mutum huɗu ne a wurin ranar da na yi maganar jiƙawa, babu wanda ya ɗago kai. An cire kuɗin shaddar daga albashina. Na yafe, amma na rubuta a littafina.

Laifin ba na marina ba ne. Rinin baba haka yake, shunin da ya kwanta a saman zare sai ya fita a wankin farko da na biyu, shi ya sa sabon rawani baƙi yake shafar goshin mai shi. Tun daga ranar ba na sa almakashi a yadi sai na goga masa jiƙaƙƙen farin ƙyalle na gani. In ya bar alama, ya sha ruwa shi kaɗai har sai ruwan ya fito fes. Ko bai zuba ba ina jiƙa shi ya gama tsukewarsa, in goge, sannan in yanka.

Launi kuma, abin da ido ke fara kamawa daga bakin ƙofar ɗaki shi ne duhu da haske. Ja da kore masu duhu ɗaya in aka jera su, zanen ɓacewa yake yi, komai wahalar da aka sha wajen yanka. Ni shimfiɗa ƙyallayen nake a ƙasa in ɗauke su hoto a waya, in mai da hoton baƙi da fari. In duk sun zama toka ɗaya, da sauran aiki. Hajiya ta taɓa kama ni ina yi ta ce wasa nake da waya. Yanzu ita ma tana yi, tana cewa a Dubai ta gani.

Atamfa mai manyan furanni ba ta son a yanka ta ƙanana, a ba ta fili ko a bar ta. Tsakanin atamfa biyu masu hayaniya a sa yadi marar zane, ruwan madara ko ruwan toka, ido ya huta. Kada ku haɗa leshi da shadda mai kauri, leshin ne zai fara yagewa. Kada ku zaɓi launi a ƙarƙashin ƙwan lantarkin shagunan Kantin Kwari, ku roƙi mai shago ku fito da yadin rana. Abin da aka yanka a karkace miƙewa yake yi ya ƙara tsawo, kada a ja shi a keke.

Sai kuma wannan: in babba ya ce ku yi abin da kuka san zai ɓaci, ku tura masa saƙo a WhatsApp ku tambaya cikin ladabi, amsar ta zauna a rubuce. Kekena yana gida yanzu, kuma uwar amaryar nan ta aiko min da aikin ƙanwarta.